Muryar Mis Odessa a Majalisa

Zuwa ga Mis Odessa Pruitt,

Gaisuwa mai yawa da fatan jiki yana sauƙi. Ni ce Corinne, mai jera littattafai a laburare bayan an tashi makaranta, wadda kike ce wa Mai Raɗa. Na kira asibitin, nas ta ce an ɗaure miki muƙamuƙi da zaren ƙarfe, ba kya magana, amma kina karatu. Sai na ce to, dama ni rubutu ya fi mini sauƙi.

Kujerarki ta bakin taga tana nan. Jiya wani ya zauna a kai yana cin gyaɗa, na yi ta harararsa ta bayan kantar littattafai, bai ma san ina yi ba. Ga littafin matuƙin jirgin ruwan nan mai tabo a gira. Na riga ki gamawa, amma ba zan faɗa miki ko ya dawo wa masoyiyarsa ba.

Ban taɓa yi miki godiya ba. Lokacin da muka koma garin nan, a bayan kantar littattafan tarihi nake ɓuya in ci abincin rana. Ke ce kika leƙo kika ce, "Ke, jarumin wannan sakarai ne, ungo wannan." Tun ranar na daina jin tsoron ƙarfe uku, lokacin tashi daga makaranta.

Allah ya ba ki lafiya.
Taki, Corinne Tillman

*

Mai Raɗa,

Na gaishe ki, ki gaida mamanki. Na ga littafi, na gode. Ya dawo, ai dole ya dawo, ina zai je da wannan girar?

Ina nan ina zuƙar miyar tumatir da ɗan bututu kamar jaririya. Gadon yana da laushi har baya barina barci.

Ga abin da nake so. Wata mata daga ƙungiyar masu taimaka wa irinmu ta zo. Ta ce a jiharmu, in an doki mutum saboda launin fatarsa ko addininsa, ana ƙara wa mai dukan hukunci, don laifin ƙiyayya ne. Yanzu akwai ƙudiri a majalisar jiha na a saka marasa gida a ciki. Kwamiti zai zauna ya saurari jama'a, kowa na iya tashi ya faɗi nasa. Ni ga bakina a kulle. Ta ce za ta karanta nawa, na rubuta mata a'a. Ta san doka, ba ta san ni ba.

Ke nake so ki karanta. Kar ki suma tukuna, ki gama wasiƙar.

Odessa

*

Mis Odessa,

Ina gaisuwa. Ban suma ba, amma sai da na zauna a ƙasa.

Kin san ni. Ko a aji malama ta kira sunana, murya ta tafi ta bar ni. Ranar da aka sa ni karanta waƙa a gaban 'yan ajinmu, wani daga baya ya ce, "An fara ne?"

Akwai kuma wani abu. Kin tuna yaron da na ce miki yana zuwa kwafin takardu, mai gashi yana faɗowa a ido, wanda na ce shi ne jarumin duk littafin da na buɗe? Dalton. A makaranta an yi ta tura bidiyon dukan da aka yi miki kafin 'yan sanda su karɓe wayoyi. Shi ya riƙe wayar. Ba ya cikin hoton, amma na san dariyarsa, na daɗe ina ajiye ta a kaina. Kwana biyu ban iya buɗe littafi ba.

Uwarsa suna waƙa tare da Mama a coci. Ta zo gidanmu da kek ɗin tuffa, ta zauna a kicin tana kuka, tana ce wa Mama, "Yaro ne fa, Yvonne, yaro ne." In na tashi a majalisa, duk garin nan zai sani.

Ban ce a'a ba. Ban kuma ce to ba. Ki yafe mini.

Taki, Corinne

*

Mai Raɗa,

Gaisuwa. Na san Dalton ne tun ina kwance a ƙasa. Ban faɗa miki ba don ba ni da bakin faɗa, kuma ko ina da shi da na yi shiru. Ba laifinki ba ne. Ni na auri nawa mai gashi a ido, ki tambaye ni wata rana.

Wannan doka ba za ta taɓa shi ba, shari'arsa daban take tafiya. Don Walt ne mai kwana a tashar bas, da Jolene da 'yar karyarta, da duk wanda za a tarar yana barci gobe.

Ga abin da na rubuta. In ba za ki iya ba ki dawo mini da shi, ba zan yi fushi ba. Zan yi, amma kaɗan.

Odessa

*

Mis Odessa,

Gaisuwa da babbar murya, don yau ina da ita. Na je!

Mama ce ta kai ni. Na same ta a tsaye a kicin tana karanta takardarki, ta ninke ta, ta ce, "Ki goge farar rigarki." Shi ke nan abin da ta ce.

Ɗakin bai kai yadda na zata ba, ba labule mai nauyi, ba fitilun lu'ulu'u. Dogon teburi ne, 'yan majalisa a jere da kofunan kofi, sai ɗan mumbari da makirfo da wata ƙaramar fitila da ke komawa ja in lokacinka ya ƙare. Kafin a zo kaina, wani ɗan majalisa mai tabarau a kan hanci ya ce duka ai dama laifi ne, kuma rashin gida ba kamar launin fata ba ne, mutum na iya fita daga cikinsa.

Da aka kira ni, shugaban kwamitin ya ce, "'Yammata, faɗi sunanki da adireshinki, don a rubuta." Ashe haka ake yi wa kowa. Na faɗa. Ya ce in matso, makirfon ba ya cizo. Aka yi dariya, na ji kamar in nutse. Na ce a madadinki na zo.

Ya ce, "To, ita kuma adireshinta?"

Na ce, "Ba ta da shi, yallaɓai."

Ya ce, "Ko inda take kwana ma ya isa. Ƙa'ida ce."

Mis Odessa, na san wurin, ke kika nuna mini. Har na buɗe baki, sai na ga kyamarar da ke watsa zaman kai tsaye. Ban san daga ina maganar ta fito ba. Na ce, "Ba zan faɗa ba, yallaɓai. Na ƙarshen da suka gano inda take kwana su ne suka karya mata muƙamuƙi. Kuma can za ta koma in an sallame ta."

Matar da ke rubuta bayanan zaman ta ɗago kai. Shugaban ya daɗe yana kallona, sannan ya ce mata, "Bar wurin haka. Ci gaba, 'yammata."

Na karanta duka. Inda kika ce ba su ɗauki komai naki ba, ba su san sunanki ba, cewa kawai suke yi, "Mu share titi." Inda kika ce kin yi shekaru kina dafa wa 'ya'yan garin nan abinci a makaranta, wataƙila har da su. Fitilar ta koma ja ina tsakiya, ba wanda ya tsayar da ni. Mai tabarau bai ce ya yarda ba, amma ya cire tabaran.

A mota Mama ta ce, "Ashe kina da murya, kika bar ni ina ta ihu ni kaɗai a gida?" Muka tsaya muka ci soyayyen dankali.

Na gode da kika zaɓe ni. Da kin tambaye ni shawara, da na ce ki nemi wata.

Taki har kullum, Corinne

*

Corinne,

Gaisuwa. Nas ta kunna mini a wayarta, muka kalla mu biyar a ɗaki. Ba a dariya da zaren ƙarfe, ba a kuka da shi, na yi duka biyun. Na gode da kika rufa mini asiri.

Matar ƙungiya ta ce kwamitin ya wuce da ƙudirin da ƙyar. Saura wani kwamitin a ɗaya zauren majalisar, kuma ba ta yi mini alkawarin komai ba. Kafin lokacin an kwance mini zaren ƙarfen.

Wannan karon ni zan yi magana. Ke ki zauna a layin gaba, inda zan gan ki.

Odessa