Babana ne ya jefi mutumin da zai ɗauke ni aikin kwana-kwana

Daga Sakatare: Wannan takarda na tsince ta a akwatin shawara na ƙungiya, babu suna. Mai ita ya roƙi a karanta a taronmu na yau Asabar. Ga ta yadda ya rubuta.

Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah ku ba ni shawara, kuma yau nake buƙatarta, don jibi Litinin komai zai ƙare. Ina zaune a cikinku yanzu da ake karanta wannan, kada wani ya fara waige-waige yana leƙen fuskokin mutane. Sunan da za ku ji a ciki na canza shi, wanda kuma duk da haka ya gane ni, to amana ce na ba shi, ya kama bakinsa.

Bana na gama fom faif, sakamako ya fito, alhamdu lillahi ban faɗi ba. Babana tela ne, shagonsa na can cikin wani lungun teloli a bayan kasuwar Terminus, kekunan ɗinki biyu, tun kafin a haife ni yake wurin. Burinsa a kaina ɗaya ne tak, in zama akawu a sakateriya, in sa farar riga in soke biro a aljihu, ya riƙa nuna ni ga abokansa. Yanzu ma da ake cewa baɗi sojoji za su miƙa mulki, kullum maganarsa ita ce ofisoshi za su buɗe, masu satifiket za su sha daɗi. Ban taɓa musa masa ba, don ni kaina ban san me nake so ba sai ranar da wuta ta tashi a lungunsu.

Bari in fara da yadda lungun yake, don daga nan haushina ya samo asali. Da can babbar mota na shiga har ƙarshensa. Shekara uku da suka wuce Baba ya ga ɗinki ya yi yawa, sai ya kafa rumfar langa-langa a gaban shagonsa, ya yi dakalin siminti don masu jiran kaya su zauna. Na kusa da shi ya ce ai ba a fi shi ba, ya kafa tasa, na tsallake ma haka. Kafin shekara kowa ya ci rabonsa na hanya tun daga ciki har bakin titi, ya zamana mai amalanke ma sai ya karkace yake wucewa. Baba ne ya fara, kuma ni na kwaɓa simintin dakalin da hannuna lokacin hutu, saboda haka ba labari aka ba ni ba.

Wata Juma'a ana gab da Sallah, shaguna maƙil da kayan mutane, kowa ya ja ƙofa ya tafi masallaci. Wani ya bar dutsen guga da gawayinsa a kan tebur, har yau babu wanda ya yarda shi ne. Muna sallamewa muka hango hayaƙi, kafin mu iso da gudu shago uku sun kama, har da namu. Motar kwana-kwana ta zo, wallahi ta zo, da kunnena na ji jiniyarta tun muna hanya. Amma ta ina za ta shiga? Direba ya gwada, ya ja baya, ya sake gwadawa, dakali ta nan rumfa ta can. Dole suka tsaya a bakin titi suka shiga haɗa tiyo ɗaya bayan ɗaya suna ja zuwa ciki. To a nan mutanenmu suka nuna hali. Kowa ya cafki tiyon yana ja wajen shagonsa, wannan ya ce nan za a fara, wancan ya ce nasa ne ke da shaddar Alhaji wane. Wani sarkin wayo har almakashi ya sa ya huda tiyon don ya tari ruwa a bokiti! Ruwan da ya kamata ya fita da ƙarfi ya koma kamar na buta, sai kuma ga su suna ihu wai 'yan kwana-kwana sun zo ba ruwa.

Wanda ke riƙe da bakin tiyon wani dogon mutumin Filato ne, zan kira shi Oga Bitrus. Ya waigo ya gan ni tsaye, ya daka mini tsawa, "Kai ɗan makaranta, ba kallo ba ne, zo ka riƙe bayana!" Ban san lokacin da na kama tiyon ba. Da aka ɗaure inda aka huda ruwa ya dawo, sai na ga ya kau da shi daga shagonmu ya mayar kan bangon shago na huɗu. A lokacin ni ma na ji haushi, sai daga baya na gane, a bayan bangon nan wata mata ce ke sayar da kananzir, durom biyu a jingine, bayanta kuma gidan haya ne cike da yara. Baba ya zo ya cakumi rigarsa yana roƙo yana zagi duk a haɗe, Oga ya ce masa, "Baba, wannan ya riga ya tafi, bari mu tsare na gaba." A kokawar nan hular kwanonsa ta faɗi.

Sai aka fara jifa. Ban san wanda ya fara ba, amma na san wanda ya samu. Baba ya ja baya, ya sunkuya ya ɗauki ɓallin bulo, ya jefa, ya sami Oga Bitrus a idon hagu. Ina bayan Oga, tsakanina da shi bai kai taku ɗaya ba, kuma bayan jifan ni da Baba mun haɗa ido. Jama'a, mutumin nan bai saki tiyon ba. Jini na zuba har cikin wuyan rigarsa, ya ci gaba da ba bangon ruwa sai da abokin aikinsa ya zo ya karɓe shi. Wuta ta tsaya a shago uku, kananzir bai kama ba, yaran gidan hayar suna nan suna zuwa makaranta.

Kada ku ce ba ni da tausayi. Baba ya rasa kekunansa biyu da kayan Sallar mutane, na ga dattijo yana tona toka da hannu yana tsintar ƙarafan keke, na yi kuka. Yanzu keken aro yake takawa a zauren gidanmu. Amma tun daga ranar nan zuciyata ta tafi wajen aikin nan. A rayuwata ban taɓa jin ina da amfani ba kamar lokacin da nake riƙe da tiyon, kuma ban taɓa ganin namiji irin wannan mutumin ba. In na tuna zan zauna a ofis ina buga wa takarda hatimi har in tsufa, sai in ji abinci ya fita raina.

Bayan mako uku na je tasharsu da sunan gaisuwa. Na tarar da Oga Bitrus a bayan tebur da bandeji a fuska, likita ya ce idon ya tafi, don haka an cire shi daga fita kashe wuta an ba shi aikin takardu. Yana ganina ya miƙe ya kira abokansa yana cewa ga yaron da bai gudu ba. Na ce masa ina son aikin, ya yi murna ƙwarai, ya ce suna neman masu satifiket, galibi 'yan makaranta gudunsu suke yi. Aka auna tsawona da ƙirjina, aka sa mu gudu, aka sa mu hawa tsani da buhun yashi a kafaɗa, duk na ci. Da ya tambaye ni sana'ar mahaifina sai na ce yana ɗan taɓa kasuwanci, ban ƙara komai ba, shi ma bai tona ba.

A gida kuwa da na faɗa, sai ka ce na ce zan shiga fashi. Baba ya ce shekara biyar yana taka keke har ƙafarsa ta kumbura don in yi karatu, ashe ga-ruwan gwamnati zan zama. Ya ce mutanen da suka tsaya suna kallo shagonsa ya ƙone su zan bi, ya ce aikin waɗanda suka faɗi jarrabawa ne. Duk wannan na shanye. Abin da ya kasa wuce mini a wuya shi ne kullum in abokansa suka zo jaje sai ya gyara zama ya ce ai 'yan kwana-kwana sun zo a makare kuma ba ruwa, su kuma suna ta Allah wadai, ina zaune ina zuba musu shayi. Ƙarya ce, ya san ƙarya ce, ya kuma san na sani! Rannan na kasa daurewa, bayan sun tafi na ce masa, Baba, ai mota ta zo, rumfunanku ne suka hana ta shiga. Ya ce boko ya cire mini kunya, ya yi kwana bakwai ko gaisuwata ba ya amsawa. Inna, wato mahaifiyata, ba abin da take cewa sai in yi haƙuri, mutumin da ya yi asara ba a ja masa magana. To shi wanda ya yi asarar ido fa, wa ya ba shi haƙuri?

Yanzu ga inda na maƙale. Saura mataki ɗaya a ba ni yunifom. Oga Bitrus ya ce tunda ban kai ashirin da ɗaya ba kuma aikin na da haɗari, sai mahaifina ya zo da kansa ya sa hannu a gabansa, don kada gobe wani abu ya same ni a ce sun saci ɗan mutane. A gabansa fa, a teburin nan da jifan Baba ya zaunar da shi. Na je wurin Kawu, ƙanin Baba, na roƙe shi ya tsaya mini, ya ce shi ba zai tsallake yayansa yana raye ba, in ma sake kawo masa maganar sai ya kai ƙarata. Na gwada ce wa Oga Baba ba shi da lafiya, sai Oga ya ce ba komai, shi zai zo gida da takardar.

Kuma bai manta fuskar wanda ya jefe shi ba. Ranar da na karɓi fom muna hira sai ya ce mini, "Mutumin yana da tef na awo a wuya. Ko cikin mutum dubu zan gane shi. Ni ba ɗauri nake nema ba, ina so ya dube ni ya gaya mini me na yi masa." Amma abokan aikinsa da ke wurin suka ce shi ne mai haƙuri, su duk ranar da suka gan shi caji ofis za su kai shi kai tsaye. Ina zaune ina jin su, fom a hannuna. Mutumin nan har abincinsa yake tura mini in na je, ni kuwa kullum in na dubi bandejin sai in ji kamar ni ne ɓarawo.

Shekaranjiya Alhamis bayan la'asar na sami Baba a zaure yana ɗinki, raina a ɓace, na zazzage masa komai. Na ce masa idon ya tafi, na faɗa masa wanda ke zaune a teburin, na faɗa masa abin da aka ce game da mai tef a wuya. Na riga na shirya wa mari. Sai ya ɗauke ƙafarsa daga keken ya ce, "Gaba ɗaya ya tafi?" Na ce gaba ɗaya. Sai ya ce, "To, zan je. Tunda aikin ya fi ubanka, zan je in sa hannu. Amma ka sani, in aka riƙe ni a can, kai ka kai ni da ƙafarka, kuma kai za ka dawo ka gaya wa uwarka."

Ku ji fa! Shi ya tare hanya, shi ya yi jifa, shi ya yi wata biyu yana ɓata sunan mutane, amma ni ne zan zama wanda ya kai ubansa caji ofis. Wallahi tun Alhamis nake tafasa, in na gan shi sai in ji kamar in fashe, in kuma na ga yadda ya rame sai tausayinsa ya kama ni. Ubana ne, ba ni da wani, ƙannena huɗu a kan keken aron nan suke ci.

Don Allah 'yan uwa me zan yi? In riga shi zuwa in faɗa wa Oga Bitrus gaskiya, alhali in na faɗa ba ni da ikon mayar da ita, kuma ban san abin da abokansa za su yi ba? In tafi da Baba haka nan in bar su su haɗu? Ko in yaga fom ɗin in karɓi wani aikin akawu da wani abokin Baba ya riga ya samo mini, in bar mutumin da ya kira ni yaron da bai gudu ba yana ta jira a tebur, bai san dalili ba? Kada wanda ya ce mini in yi haƙuri kawai, na sha wannan a gida, ku gaya mini abin da zan yi da ƙafata ranar Litinin.

Ƙarfe takwas na safe ake jiranmu. Na ɗauka barazana ce kawai Baba yake yi don in janye, amma yau da zan fito taron nan na tarar ya ba Inna babbar rigarsa ta wanke, tana kan igiya, ya kuma tambaye ni ko wurin da nisa, ko sai mun hau mota.