Layin Da Na Ƙara A Takardar Kafinta

Malam Edita, salamu alaikum, da kai da duk wanda idonsa zai faɗa kan wannan shafi. Don girman Allah ka ɓoye sunana, ka kuma daure ka buga wasiƙar nan a fitowa ta gaba, domin mako uku kawai ya rage min. Ku kuma masu karatu, na san za ku zage ni. Ku bari dai sai kun kai ƙarshe, in kun gama zagin ku haɗa min da shawara. Kwana biyar ke nan na kasa zama wuri guda. In ina ofis sai in ji kamar in fita, in na fita sai in tarar da kaina a kan keke ina zagaya gari ba tare da na san inda na dosa ba. Uwargidana ta tambaye ni har sau uku ko cikina ne ke ciwo, na ce mata eh, don shi ya fi sauƙin faɗa.

Ni akawu ne a nan Bauchi, gidanmu wajen Ƙofar Wambai. Shekara bakwai da suka wuce na fito daga makarantar Midil, aka ɗauke ni mai buga tafireta a wata ma'aikatar gine-gine da ba zan ambaci sunanta ba. Kun dai san yadda muke a lokacin, gajeren wando mai karin guga, doguwar safa, alƙalami biyu a aljihu ko da ɗayan babu tawada, ina taku kamar a gidanmu aka haifi Turanci. A wurin akwai babban kafinta, zan kira shi Baba Iliya ko da yake ba sunansa ke nan ba. Mutumin wajen Dass ne, Kirista, ya shigo birni tun yana saurayi, kuma har yau Hausarsa ba ruwanta da bambanta mace da namiji. Bai san harafi ko ɗaya ba, lamba kawai yake ganewa, amma in ya kalli katako sau ɗaya zai gaya maka tsawonsa kafin a kawo rula.

Wata rana Baturen da ke shugabancin aikin ya ba ni awon ƙofofin wasu ɗakuna da ya rubuta da fensir, ya ce in kwafe in ba kafintoci. Garin sauri na tsallake inci shida. Baba Iliya ya biyo ni har teburina ya ce, "Malam akawu, ka sake duba wannan awo, ido na bai yarda da shi ba." Ko ɗaga kai ban yi ba, na ce masa aikinsa yanka katako, nawa kuma rubutu, kowa ya tsaya a nasa. Ƙofa goma sha biyu suka fito gajeru, ko akuya za ta iya leƙowa ta ƙasa. Bature ya zo ya yi ja wur, ya yi ta surfa wa Baba Iliya faɗa a gaban leburori. Shi kuwa sai da ya bari ya gama, sannan ya cire hularsa ya zaro takardar nan mai rubutuna ya ce, "Ranka ya daɗe, zarto ba ya karatu. Abin da takarda ya ce shi na yi." Leburori suka kwashe da dariya. Daga ranar nan har aka gama aikin ba wanda ya ƙara kiran sunana, sai Malam Gajerar Ƙofa.

To, me mutumin nan ya yi min? Gaskiya ya faɗa, kuma sai da ya gargaɗe ni tukuna. Yau na san haka. A lokacin kuwa in na hango shi sai in sauya hanya don haushi.

Ga wanda bai sani ba, in aka gama aiki aka sallami ma'aikata, kowane mai sana'a ana ba shi takardar shaida da Turanci, Bature ya sa hannu a ƙasa. Da ita mutum zai je neman wani aikin. Yawancinsu ba su san abin da ke ciki ba, sai dai su naɗe ta a tsumma su adana kamar laya. Ranar sallama Bature yana ta shirin tafiya hutu ƙasarsu, ya leƙo ya ce in buga wa kowa irin wadda aka saba. Da na zo kan ta Baba Iliya na buga duk abin da aka saba, ƙwararre ne, yana zuwa aiki a kan lokaci, hannunsa ba ya ɗaukar kayan ma'aikata. Saura fili kaɗan a ƙasa. Sai na ƙara layi ɗaya, cewa mutum ne mai zuga leburori su yi wa shugabanni bore, kada a kuskura a ba shi jagorancin ko mutum biyu. Kun san a shekarun nan ba abin da masu ɗaukar ma'aikata ke tsoro kamar yajin aiki. Na cusa ta a tsakiyar sauran, Bature ya yi ta sa hannu yana kallon agogo, bai karanta ko ɗaya ba. Ni na miƙa wa Baba Iliya takardarsa da hannuna. Ya karɓa da hannu biyu ya ce Allah ya yi min albarka. Wallahi ranar nan da daɗi na koma gida, kuma wannan ne abin da ya fi ba ni kunya a duk labarin.

Na ce wa kaina ai wuri ɗaya ne za a kore shi, ya ɗan ji yadda wulaƙanci yake, daga nan wani zai karanta masa ya yaga ta ya huta. Da wannan na rufe maganar na manta da shi. Baturen bai ƙara dawowa ba. Ni kuma aka yi min canji zuwa ofishin da masu neman aiki ke zuwa rajista, wanda mutane ke kira ofishin leba. Kullum da safe layi har bakin titi, magina, direbobi, tsofaffin sojoji, samarin da suka gama firamare, kowa in rubuta masa kati da sunansa da sana'arsa, in wani ya aiko neman ma'aikata mu tura masa. Tun da aka samu mulkin kai layin ya ƙara tsawo, kowa na ganin yanzu ne lokacinsa. Yanzu haka za a buɗe wurin koya wa samari sana'o'in hannu, ana neman tsofaffin hannu da za su riƙa koyarwa, aiki ne mai ɗorewa har da ɗakin kwana. Kafinta ɗaya tal ake buƙata.

Ran Litinin da ta wuce ina cikin rubuta kati, kaina a sunkuye, na ji an ce, "A'a! Malam akawu! Ashe kai ne a nan? Ka zama babban mutum!" Na ɗago. Da ƙyar na gane shi. Kansa ya yi fari fat, rigarsa ta zame masa buhu, amma murmushin na nan. Bai kira ni da sunan tsiyar nan ba, ina jin ma ya manta da shi. Ya ce labarin aikin koyarwar nan ya ji, shi ya zo nema. Na tambaye shi ina ya shige shekarun nan, da na sani da ban tambaya ba. Ya je Jos, ya je wajen haƙar kuza, ya je Gombe, ya bi masu aikin hanyar jirgi. "Ko'ina in na ba su takarda, sai su karanta, su kalle ni, su ce babu wuri," in ji shi. "Wani akawu a Jos ma ya ce in ƙona shi. Na ce hassada ne. Takarda mai hannun Bature zan ƙona? Shi ne gonana, ba ni da wani." Yanzu kujerun tsugunno yake yi yana sayarwa a bakin kasuwar Wunti, da zarton aro, don nasa ya sayar. Matarsa ta koma ƙauye da yaran shekara uku ke nan, tunda ya kasa riƙe su a birni. Ya ce ya daɗe yana tunanin ko wani laifi ya yi wa Ubangiji da bai sani ba.

Me ya sa duk akawunan nan ba wanda ya buɗe baki ya gaya masa? Kunya ce ko rashin damuwa? Amma wa ya ba ni bakin tambaya? Sai Baba Iliya ya kwance tsumma ya shimfiɗa takardar a kan teburina. Ta yi ja, ta tsage a wurin ninki, ruwa ya taɓa gefe ɗaya. Na gane tafiretar tsohon ofishinmu da harafinta ɗaya mai tsalle. Ya ce, "Tunda kai ka buga shi, yau ka karanta min da Hausa in ji daɗi." Na karanta masa. Ƙwararre ne, ya gyaɗa kai. Ba ya makara, ya ce haka ne. Ba ya ɗauke-ɗauke, ya ce mun gode Allah. Na tsaya na fara ninke takardar. Sai ya ɗora yatsa a kan layin ƙarshe ya ce, "Wannan na ƙasa fa, Malam?"

Ga dama Allah ya kawo min har kan tebur. Kun san abin da na ce? Na ce, "Gaisuwa ce irin ta Turawa, Baba." Ya yi dariya ya ce lallai Baturen nan mutumin kirki ne duk da faɗansa.

Shugaban ofishinmu na yanzu ɗan ƙasa ne, mutum mai tsoron Allah, amma ba ya wasa, kuma ko waƙafi ba ya tsallakewa in yana karatu. Dokarsa ita ce duk takardar da ta tsufa a sake buga ta, a kawo masa da ta asalin, ya gwada su layi da layi sannan ya buga hatimi. Shi ya sa Baba Iliya ya bar min tasa, abin da ya ce bai taɓa bari ta kwana a hannun wani ba. Sau shida ina sa farar takarda a tafireta. In na zo layin nan sai yatsuna su ƙi. In na bar shi, Shugaba zai gani ya ce ina ya tafi. In na goge shi a ta asalin, akwai kwafi a fayil ɗin tsohuwar ma'aikata, kuma Shugaba irin mutumin da zai aika a ɗauko ne. Na yi tunanin in ce ta ɓace, to mutumin da ba shi da shaida ko zama a gaban masu tantancewa ba zai yi ba, kuma da wane ido zan kalle shi? Na yi tunanin in nema masa wani ɗan aiki a gefe, gyaran benci ko tagogi, in ce wannan ɗin ya fi. Amma mutumin nan ya riga ya aika wa matarsa cewa ta fara ɗaure kaya, an ce aikin da ɗaki.

Hanya ɗaya ce ta rage, na kuma san ta tun ranar farko, kewaye-kewaye kawai nake yi. Bature ya tafi, sa hannunsa na nan daram, ba abin da zai rushe shi sai bakin wanda ya buga takardar. In na faɗa, aikina ya tafi, wataƙila har da kotu, don ƙarya ce a takardar hukuma. Ina da mata da 'ya'ya uku, ga mahaifiyata a gidan. An sa sunana cikin waɗanda za a tura kwas Zariya, tsohuwar ta riga ta gaya wa duk unguwa. Kuma ni ma irin wannan takardar za a rubuta min in an kore ni, sai dai tawa gaskiya za ta faɗa. Ina tsoro, ba zan ɓoye muku ba. Wani lokaci zuciyata ta ce ai tsoho ne, saura masa nawa, kai kuwa yanzu ka fara. In na ji ta faɗi haka sai in tsani kaina, in ɗauki keke in sake fita.

Jiya da hantsi Shugaba ya kira ni ofishinsa. Ya ce ranar tantancewa kowane mai nema zai zo da mutum ɗaya da ya san aikinsa ido da ido, shi kuma zai karanta kowace takardar shaida a bainar jama'a ya fassara ta da Hausa, don ya gaji da ganin ana yanke wa mutane hukunci da harshen da ba sa ji. Ya ce, "Kafintan nan na Dass kai ya ambata. Na ce ya kawo wani daga cikin 'yan'uwansa, ya ce a'a, kai ka fi kowa sanin halinsa." Na ce to, ranka ya daɗe, na fito.

Ke nan nan da mako uku zan tsaya a ɗaki ɗaya da su biyun. Shugaba zai karanta layin nan da ƙarfi, Baba Iliya zai ji shi da Hausa karon farko a rayuwarsa, zai waiwayo ya kalle ni. Sannan a tambaye ni ko abin da aka rubuta gaskiya ne. In na ce gaskiya ne, na tsira da aikina, shi kuma na gama da shi da bakina yana kallo. In na ce ƙarya ne, tambaya ta gaba ita ce wa ya rubuta. Shin in je in same shi a Wunti tun yanzu in durƙusa in gaya masa? Ko Shugaba zan fara samu? In ya ce bai yafe ba fa, ina zan samo masa shekara bakwai in biya shi? Jama'a, ku dubi Allah ku gaya min. Me zan yi?