Sunan da ke bayan rigar 'yar Yaya Yahuza

Bukit Jalil, Kuala Lumpur
16 ga Oktoba, 2016

Zuwa ga mahaifiyata, Iya,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da ladabi, ina fatan wannan takarda ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da duk mutanen gida. Allah ya ƙara miki nisan kwana, ya sa ciwon ƙafar nan ya zama zakkar jiki. Mu nan lafiya lau. Abban Zuhra yana ta fama da rubutun digirinsa, ya ce saura shekara ɗaya, amma bara ma haka ya ce. Zuhra ta shiga aji biyu. Fatihu kuwa in an yi masa Hausa sai ya mayar da Turanci ko yaren Malay, abin har ya fara ba ni haushi. Garin nan kullum la'asar sai an yi ruwa, ba a san rani ba, in na tsaya a taga sai in riƙa ganinki a tsakar gida kina tsince shinkafa. Shekara uku rabona da ke, Iya, wallahi kewarki ta ishe ni.

Da gangan na ƙi kiranki a waya, don na san halinki. Ina ambaton Yaya Yahuza za ki ce layin ba kyau, ba kya ji. Salisu, kai da za ka karanta mata, don girman Allah kada ka tsallake layi ko ɗaya, ko ta ce ka bari.

Iya, 'yar Yaya Yahuza ta zo gidana, ta kwana huɗu. Yarinyar nan da muka ji an haifa masa a Amurka, ba mu taɓa sanin ko sunanta ba. Ita ta nemo ni ta intanet da laƙabin da ƙawayenta ke kiranta da shi, ta bi sunan unguwarmu da na marigayi Baba har ta same ni. Shekararta ashirin da bakwai, kuma sana'arta ƙwallon ƙafa. Kada ki ja salati tukuna, ki bari in gama. Da na je taro ta a filin jirgin sama, tun daga nesa na gane ta. Doguwa ce sambal kamar ubanta, da ta yi dariya kuwa sai ga wushiryarki. Na rungume ta ina kuka, mutane suna ta kallonmu, ko a jikina.

Ta ba ni labarin rayuwarta, Abban Zuhra yana taya ni inda Turancinta ya fi ƙarfina, don magana take yi ta hanci. Da ta gama jami'a ba ta samu gurbi a ƙungiyoyin ƙasarsu ba, sai ta ɗauki jaka biyu ta fita. Ta buga a Iceland, inda ta ce da sanyi rana ba ta fi leƙowa ta koma ba. Ta yi shekara biyu a Sweden, a can gwiwarta ta samu matsala aka yi mata aiki, ta yi wata tara ba ta taɓa ƙwallo ba, ita kaɗai a ɗaki, ba mai miƙo mata ruwa. Yanzu wata ƙungiya ce ta ɗauke ta a Ostareliya, shi ya sa ta biyo ta nan. A baya take tsayawa, tana tare masu son jefa ƙwallo a raga. Na ce mata wannan kam gado ne, kakarki ma ba a wuce ta. Ta ce shekara biyar ke nan ba ta taɓa cika shekara guda a ɗaki ɗaya ba, kuma duk inda ta je sai a tambaye ta ina ne gida, ta rasa amsa. Na yi mata tuwon shinkafa da kukar da kika aiko, ta ci har tana suɗe hannu, ta ce ƙanshin ɗakin girkin babanta ne.

To ga abin da ya sa na ɗauki biro. Ta ciro rigar wasanta ta nuna min, a baya an rubuta IYA da manyan baƙaƙe. Na tambaye ta dalili. Ta ce haka babanta yake kiranta tun tana jaririya, bai taɓa kiranta da sunanta na takarda ba ko sau ɗaya. Bayan rasuwarsa ta duba ƙamus na Hausa, ta ga wai iya na nufin iyawa, sai ta ɗauka cewa yake yi za ta iya. Shekara goma tana ɗauke da wannan fassarar, da ita take ƙarfafa kanta in abu ya yi tsanani. Sai ta kunna min wani tsohon bidiyo, tana 'yar shekara tara a filin makaranta, shi kuma yana gefe yana ƙwala mata kira. Iya, muryarsa ce, wadda rabona da ita tun ina 'yar shekara goma. Kuma ba iya ta iyawa yake faɗa ba. Yadda muke kiranki, haka yake jan sunan. Nan take na ce ta ba ni fasfonta. Na buɗe, sai ga sunanki na yanka, wanda bakina ba zai iya faɗa ba.

Na zaunar da ita na yi mata bayani, cewa a wurinmu in mutum ya yi wa uwarsa takwara, ba ya kiran sunan gatsal, sakaya shi yake yi. Sai ta kifa kai a cinyata ta yi kukan da ban taɓa ganin babba ya yi ba. Ni ma ban iya rarrashinta ba.

Iya, ki gafarce ni in na yi rashin kunya. Na san zafin da kika ji da bai zo rasuwar Baba ba, har kika aika masa kada ya ƙara nemanki. Shi kuma da zuciya irin taki, ya yi shiru har ƙasa ta rufe masa ido. Shekara da shekaru kina cewa ya manta da wadda ta haife shi. Ashe bai fi shekara da saƙonki ba ya raɗa wa 'yarsa sunanki, kuma shekara goma sha bakwai yana kiran Iya safe da yamma a cikin gidansa. Ke ba kya faɗin sunansa saboda ɗan fari ne, shi ma ashe bai iya faɗin naki ba. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar.

Wasanninsu za su ƙare a watan Fabrairu, tana da hutun sati uku kafin ta san ƙasar da za ta nufa. Tana son ta zo Kano ta gan ki. Ta tambaye ni sau uku ko za ki karɓe ta, na ce sai na ji daga bakinki, don ban isa in yi alkawari da ƙofar da ba tawa ba. Na kai ta layin Masjid India ta sayi dogayen riguna biyu da mayafi, tana ta koyon yafawa yana zamewa, su Zuhra na yi mata dariya. Ta koyi durƙusawa ta ce ina kwana, duk da gwiwar tana damunta. Na san mutanen unguwa za su yi surutu a kan gajeren wando, amma su ba jininsu ba ce. In kin yarda, ni ma zan biyo ta mu zo tare, ko Abban Zuhra ya gama ko bai gama ba.

Ki gaishe min da Inno da Baba Ɗan'azumi, da Yaya Mero da yaranta, da Daso maƙwabciyarmu. Abban Zuhra yana gaishe ki da kyau, yana neman addu'a. Na san maganar za ta yi miki nauyi a baki, don haka ba sai kin ce komai ba. Ki dai ba Salisu makullin ɗakin Yaya Yahuza na soro ya buɗe a share. In ya kira ya ce min an share, zan gaya mata ta taho.

Wassalam,
'yarki mai kewarki,
Khaulah