Fitilar Kicin Ta Kama

Talata, 14 ga Oktoba, 2014, da dare

Sai yau na gane ashe fitilar kicin ɗinmu ba lalacewa ta yi ba. Tun rasuwar Baban Rifkatu ta ɗauke, har mai kula da gidan ya ce ran Juma'a zai cire ta ya sa ta zamani, wai ta yi shekara sittin.

Ina ninke rigar Baban Rifkatu ta aikin filin jirgin sama na JFK sai ga wani ɗan ƙarfe kamar batir a aljihu. Sitata, mai tayar da ƙwan fitilar! Ita yake murzawa duk sanda ya hau kujera yana ce mini, "Riƙe da kyau, uwargida."

Na hau da kaina. Rifkatu tana ihu, "Mama, ki sauko kafin ki karye!" Na cire tsohuwar, na murza wannan. Ƙwan nan zagayayye kamar faifai ya ƙifta sau biyu, ya kama fes, farin ƙarfen tsakiya yana ƙyalli. Har ƙugin nan da nake yi wa tsaki ya dawo. Ina dariya ina hawaye.

Baban Rifkatu ne ya hana a cire ta tun shigowarmu, yana son ta. Ban dai gaya wa mai kula da gidan ya bar mana ita ba tukuna.