Ranar Da Na Danne Bakin Bello

Yaya Hadiza,

Assalamu alaikum. Ina gajiya? Ina maigida da ɗiya, ya zaman Maraɗi? Allah Shi sa kuna lahiya.

Yaya, ran Laraba da la'asar ɓarayin daji sunka biyo ta bayan garinmu bisa mashin. Munka ruga cikin hatsi munka kwanta, kowa ya yi tsit. Cikin ɗiyana tara, kin san ukun da likitan garin Isa ya ce suna da galahanga, lalurar nan ta ƙwaƙwalwa. Biyu cikinsu, Sani da Nana, sun lahe jikina, amma na ukun, Bello, bai jure ƙarar mashin. Ya toshe kunnuwa ya shiga kururuwa. Na danne mishi baki har jikinshi ya saki. Allah Ya tsare, sunka wuce.

Washegari matan unguwa sunka zo, har da Inna Kulu da ta karɓi haihuwarshi. Tana kuka ta ce in an sake gudu, mu nemi wata gona mu ɓuya. Ban ga laihinsu ba, su ma ɗiya gare su.

A da, ni kaɗai Bello ke yarda in taɓa shi. Yanzu ko fura na miƙa mishi, sai ya kare bakinshi ya ja baya.

Ki gaida mutanen gida. Ki roƙa muna Allah, Yaya, don in sun dawo ban san yadda za ni yi da hannun nan ba.

Ƙanwarki,
Rabi