Rabon Hannun Dama

Zuwa ga ƙanwata Auta,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara. Yaya ƙafar Inna? Ki yi haƙuri da wannan rubutu mai kama da tafiyar kaza, da hagu nake yi.

Jiki da sauƙi a nan asibiti, bayan shanyewar ɓarin jikin nan. Baki ya koma daidai, hannun dama ne har yau yake kwance kamar ba nawa ba.

Kin tuna hirarrakin da na ɗauka da Baba a bidiyo kafin rasuwarsa, awa arba'in da ɗaya? Da na bar gidan jarida na kulle su da kalmar sirri, na ɗora a ma'ajiyar intanet, na goge na kwamfuta saboda sun cika ta. Makon jiya Inna ta ce tana son jin muryarsa. Na zo buɗewa, sai na gane ban taɓa haddace kalmar a kaina ba. Shekara shida yatsuna ne ke buga ta. Hagu ta tuna rabonta, haruffa bakwai. Sauran tara suna hannun dama.

Na rubuta wa kamfanin ma'ajiyar. Sun amsa cikin ladabi cewa su ma ba sa ganin abin da ke ciki, kuma ni na zaɓi hakan. Gaskiyarsu. Kuskure goma ake yarda, daga nan makullin ya lalace. Na riga na yi shida.

Ki aiko mini da tsohon kibod ɗin kwamfuta da ke kan teburina, mai tsagewa a gefe. Kada ki goge shi, na san ki da tsabtar tsiya.

Yayanki.

*

Auta,

Ina gaishe ku duka. Saƙo ya iso, na gode.

Mai gasa mini hannu, wadda 'yan ɗakinmu ke kira Hajiya Azaba, ta ɗora yatsuna a kan kibod ɗin, ta tallafe gwiwar, ta sa na rufe ido. Wallahi ɗan yatsan tsakiya ya motsa. Ya nufi sama, ya tsaya a hanya. Na cike sauran da zato har sau uku, duk kuskure. Yanzu saura ɗaya.

Likita ya ce hannun zai iya dawowa cikin shekara, amma bai yi alkawarin zai dawo da abin da ya sani ba. Kullum ina buɗe shafin in ga fayil ɗin, da girmansa da ranar da na ajiye shi. Ba abin da ya same shi.

Damar ƙarshen nan, ba zan taɓa ta ba. Inna kuwa, kin fi ni sanin shekarunta. Na ce mata intanet ɗin asibiti ne ba ƙarfi. Idan ta sake tambaya, ki faɗa mata gaskiya, ni na kasa.

Ki shafa mini kan yara.

Yayanki.