Na rubuta fada, aka karanta faɗa

Assalamu alaikum 'yan uwa, admin don Allah a ɓoye sunana. Ku ba ni shawara, kwana tara ke nan ina cikin damuwa.

Ni matar aure ce a Gamkalley. Kun san yadda samarinmu ke zaman fada, tabarma, butar shayi, hira har la'asar. A kartiyenmu, wato unguwarmu, fada biyu ne ba sa ga maciji, in ka tambayi dalili ba mai iya faɗa maka, wani ya ce a wasan balo aka fara, wani ya ce kallon banza ne. Amma an sha fasa kai. Shi ya sa mu matan islamiyya muka haɗu da Malamarmu, duk Juma'a mu je wurinsu da sukari da ganyen shayi, mu yi musu nasiha, mu yi addu'a. Da farko dariya suke mana. Wata bakwai muna haka, har Allah Ya sa suka yarda za su sha shayi wuri ɗaya.

Ranar da suka zauna, Malama ta tambaya a grup ɗinmu na WhatsApp ina yaran suke. Ni na gan su ina dawowa daga sayen ganyen salati a garka, wato lambu, cikin murna na rubuta, suna fada a bakin gulbi. Telefon ɗina ba shi da d mai ƙugiya, ban ma yi tunani ba. Wata a cikinmu da ɗanta ke wurin ta karanta faɗa, ta tura wa yayyensa. Suka zo a kan moto da adduna, ba su tsaya tambaya ba. Issufu, ɗan maƙwabciyata Inna Hamsa, na ɗayar fadar ne, shi ke zuba shayi, aka sare shi a hannu. Yana lopital, likita ya ce yatsu biyu ba za su sake motsi ba, yaron da tela ne.

Yanzu abokan Issufu sun ce tarko aka ɗana musu da sunan sulhu, kuma na ji suna jira a sallame shi su rama. Matan grup sun san ni na rubuta, amma ba su faɗa wa kowa ba. Malama ta ce in tsaya gaban samarin ranar Juma'a in faɗi gaskiya, ƙila zukata su sauka. Maigida ya ce wallahi ban isa ba, wa zai yarda harafi ɗaya ne ya ja wannan, sai dai su juyo kan gidanmu, ga 'ya'ya ƙanana. Mun yi ta ja har ya daina cin tuwona kwana biyu.

Kullum ina kai wa Inna Hamsa kunu lopital. Jiya ta riƙe hannuna ta ce, ɗiyata, wanda ya aika saƙon nan na bar shi da Allah. Na ce amin.

Na yi istihara, ban ga komai ba sai kuka. In saɓa wa mijina in yi magana, ko in yi shiru a sare ɗan wani? Juma'a jibi ce. Don Allah me zan yi?